Doyar Mama a Kafaɗa

Mama Clara, mahaifiyata, ta haura shekara casa'in kafin Ubangiji ya kira ta, kuma a duk tsawon rayuwarta ba wanda ya taɓa ganin kaya a kanta. Mu Gbagyi ne. Matanmu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, cikin babban masaki, domin a wurinmu kai ya riga ya ɗauki nauyin tunanin gida, bai kamata a ƙara masa wani ba.

Haka ta ɗauki itace da ruwa tun Abuja tana daji. Haka kuma take kai baikonta, wato sadakar godiya, coci kowace shekara: doyar farko da aka tono a gonarta, daga ƙofar gida har gaban bagadi, teburin ibada da ke can gaba cikin coci. Ta fara tun ana yin Misa a gindin bishiya, Fada, limamin cocin, yana zuwa kan babur in hanya ta yi kyau. Da aka tashe mu daga tsohon ƙauye muka koma wajen Bwari, ba ta fasa ba. Shekarar da ta binne babanmu ta kai. Shekarar da ta binne autarta, Kindness, ta kai, tana tafe tana hawaye tana rawa.

A kwanakinta na ƙarshe, carbinta a hannu, ta ce da ni, "Vivian, doyar bana ba zan gan ta ba. Ki tabbata ta je gaban Ubangiji a kafaɗa. Ba a kai ba, ba a baro ba."

Na ce mata an gama.

Matsalar ita ce kafaɗata ta dama ta lalace tun da na faɗi daga kan acaɓa, ko bokitin ruwa ba na ɗagawa. Ga doya ta nuna, ga Misar tunawa da Mama an sa ta ranar Lahadi, kuma ban sami mai ɗauka ba.

Ranar Asabar da hantsi iyali suka taru a tsakar gidan Mama. Yayana Obadiah, wanda darakta ne a wata ma'aikata a cikin gari, ya dubi masakin da doyar da na jera a ciki, ya gyara tabarau.

"Vivian, a bar wannan wahala. Na sa a kawo kwanduna masu kyau, an naɗe su da ribin. Matasan coci su riƙa a hannu, shi ke nan."

"Yaya, ba haka ta ce ba."

"To ke za ki ɗauka?"

'Yarsa Linda ce ta miƙe, budurwa mai karatun lauya, wadda a Maitama ta tashi. Ta ce, "Haba Dadi, doya ce fa kawai." Ta naɗe ɗankwalinta ta yi gammo, kafin in buɗe baki ta sunkuci masakin ta ɗora a kai.

Uwar Zumunta, shugabar matan cocinmu, tsohuwar ƙawar Mama ce, tana zaune tana ɓare gyaɗa. Sai ta saki tire.

"Yesu! Sauke! Sauke maza! Jikar Clara da kaya a kai, a cikin gidan Clara?"

Linda ta sauke a rikice. "Me na yi kuma?"

"Tambayi ubanki, oga darakta. Ya sa ki makaranta har ta lauya, bai gaya miki inda ake ɗora kaya ba."

Aka yi dariya, har da Obadiah, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba. Muka ɗora wa Linda a kafaɗa. Ta ɗan taka, masakin ya karkace, doya ta gangara har bakin rijiya, kaji suka watse.

Ana cikin tsintar doya Nabilah ta yi sallama. Ita ce 'yar marigayiya Kindness. Ubanta Musulmi ne, Alhaji Farouk, kuma da uwar ta rasu ya bar ta a hannun Mama har ta gama firamare. Mama, wadda ba ta taɓa fashin Misa ba, ita take tashin yarinyar sallar asuba, ita take dafa mata sahur da azumi. Takan ce, "Amanar mutane ce. Yadda aka ba ni zan mayar." Yanzu Nabilah ma'aikaciyar jinya ce a Kado.

Ta gaishe mu, ta ajiye jaka, ta dubi Linda da ke haki.

"Lauya, wa ya ce ki riƙe shi da ƙarfi? Ba ɓarawo ba ne."

Ta sake jera doyar, manya a ƙasa ta wajen wuya, ƙanana a sama. Ta tattare hijabinta gefe, ta durƙusa, ta miƙe da masakin a kafaɗar hagu, ta zaga tsakar gida hannunta ɗaya a sake. Uwar Zumunta ta rufe baki da tafin hannu. Tafiyar Mama ce sak, har ɗan karkata kan nan.

Obadiah ya ce, "To ai an huta. Nabilah za ta kai."

Nabilah ta sauke masakin a hankali. "Kawu, zan ɗauka daga nan har ƙofar coci, da farin ciki. Amma gaban bagadi ba wurina ba ne. Kaka ma ba za ta so in yi abin da ba nawa ba don a ji daɗi."

Ni kuwa na san gaskiya ta faɗa. Na dubi Linda, ita ma ta dube ni.

"Anti, in na zubar a tsakiyar coci fa?"

"Sai mu tsince," na ce. "Amma ba za ki zubar ba. Jikarta ce ke."

Wunin nan duka suka yi suna zaga tsakar gida, Nabilah a gaba, Linda a baya. Da fanko suka fara, sannan da duwatsu, sannan da doya. "Saki wuyanki." "Kalli gaba, ba ƙafarki ba." "Ke ai kotu za ki tsaya, wannan ne zai gagare ki?" Kafin la'asar kafaɗar Linda ta yi ja, amma ba ta ce a bari ba.

Da safiyar Lahadi muka fito. Matan Zumunta cikin zanensu iri ɗaya suna kaɗa tuluna suna waƙa, Nabilah a tsakiyarsu da farin hijabi da masakin kakarta. Masu shaguna suka fito kallo. Wani tsoho mai faci ya cire hula, ya ce Allah ya jiƙan Mama, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa.

Muka jira a ƙofa har lokacin baiko ya yi. Katikis, mataimakin Fada, ya kira sunan iyalin Mama Clara. Linda ta cire takalmanta masu tsini ta miƙa wa ubanta, ta matsa ta jera kafaɗarta da ta Nabilah. Masakin ya zame daga wannan zuwa waccan bai taɓa ƙasa ba.

Tafiyar ta fara lafiya. Wajen tsakiyar coci na ga tafiyar Linda ta fara rikicewa, domin kiɗan ya fi takunta sauri, masakin kuma ya soma leƙen ƙasa. Obadiah ya kai hannu zai karɓa. Na riƙe masa hannun riga.

Uwar Zumunta ma ta gani. Ta ɗaga hannu, masu tulu suka sassauta kiɗa, suka ƙara sassautawa, har waƙar ta koma daidai da numfashin yarinyar. Jama'ar coci gaba ɗaya suka rage sauri. Linda ta tsaya cak, ta saki wuyanta, ta ɗaga ido. Masakin ya daidaita. Ta ci gaba a hankali, mu muna biye, har ta durƙusa a gaban bagadi ta sauke. Ko ɗaya ba ta faɗi ba. Fada ya yayyafa ruwan albarka, wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa.

Da aka tashi na sami Nabilah a inuwar mangwaro tana jiranmu.

"Anti, na ji guɗa. Ta kai?"

"Ta kai."

Linda ta iso tana murza kafaɗa, ubanta a bayanta har yanzu riƙe da takalmanta. Ta ce, "Malama nas, kina da abin shafawa? Ji nake kamar an sare ni."

"Ruwan zafi kawai, gobe ya wuce," in ji Nabilah. "Amma baɗi daga gida za ki ɗauko, ni rakiya zan yi."

"Dadi, ka ji ta ko?"

Obadiah ya miƙa mata takalman. "Na ji. Sai a fara da wuri. Vivian, wa zai yi mana noman doyar baɗi?"