Benen da Ba a Soya Kifi a Cikinsa

Duk ranar Lahadi da hantsi Vatsala takan zo gidan yayarta Shalan cin kifi. Takan tuɓe sarin da ta zo da shi, wato zanen matan Indiya, ta rataye nesa da madafa, ta ɗaura wani tsoho na Shalan, ta zauna ta ci shinkafa da miyar kifi mai kwakwa da tsamiya har sai numfashi ya gagare ta. In ta gama sai ta wanke hannu da lemun tsami, ta tauna kanumfari, ta mayar da sarinta, ta koma hawa na tara na dogon benen bakin teku, inda kowa ya san ta da cewa ko ƙwai ba ta taɓawa.

Shekara shida ana haka, kuma shekara shida abin yana cin Shalan a rai. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, 'ya'yan masuntan Versova, a gefen Mumbai. Filin da aka kafa benen ma nan ne uwarsu take shanya kifi. Sai dai Vatsala ta auri mai kantin magani daga gidan da ba a cin nama, ya mutu ya bar mata suna mai buɗe ƙofa. Shalan kuwa ta koyar a firamare shekara talatin da biyu, ta ƙare a ɗaki biyu mai yoyo da damina, tagarta tana kallon barandar ƙanwarta. Da yamma takan hango ta can sama tana shan shayi, iska tana kaɗa mata gashi, sai ta ja labule.

Da wani tsoho a hawa na ɗaya ya sa gidansa a kasuwa zai koma wurin ɗansa, Shalan ce ta fara zuwa, suka daidaita. Amma a irin waɗannan benaye mai gida ba ya sayarwa ya huta, sai kwamitin mazauna ya karɓi mai saye. Sakataren kwamitin, Vora, mutum ne mai murmushi kamar mai tallan turare. Ya duba takardunta ya ce, "Shalan Bhoir. Mutanen bakin ruwa ne ke nan. Me kuke dafawa a gida, Malama?"

"Abin da teku ta bayar, Saheb."

"Madalla, madalla. Za mu neme ki."

Wata uku ba wanda ya neme ta. Dillali ne ya fasa mata ƙwan, yana sosa ƙeya. "Malama, ai da kin yi shiru. Benen nan ba kifi, ba nama. Ƙanwarki ma da suka tambaye ta ko ta san ki, cewa ta yi sama-sama."

Sama-sama! Ita da ta goya ta a baya har wuyanta ya ƙage.

Masu cewa hassada ga mai rabo taki ce sun faɗi rabin magana suka tsaya. Ba su faɗi abin da take yi wa mai ita ba. Wani lokaci ita ce take tashin tsohuwa mai ciwon gwiwa da sassafe, ta cusa ta cikin jirgin ƙasa, ta kai ta inda haƙuri bai taɓa kai kowa ba. Shalan ta je ofishin da ke kula da ƙungiyoyin gidaje, aka tura ta teburin wata ma'aikaciya, Madam Kamble, mai tabarau a ƙarshen hanci.

"Kwamiti ba shi da ikon ƙin ki ba tare da dalili mai ƙarfi ba," in ji Madam Kamble. "In sun ƙi, su rubuta dalilin, ke kuma ki kawo ƙara nan. Abin da ke tukunyarki ba ya cikin dalilai. Sun ba ki wani abu a rubuce?"

"Murmushi suka ba ni."

"To murmushi ba ya shiga fayil, Malama. Za su zo nan su rantse cewa takardunki ne ba su cika ba. Ki samo mini ko layi ɗaya da hatiminsu wanda ya ambaci abinci."

A jirgi, tana tsaye tsakanin kwandunan mata, ta tuna. Ranar da Vatsala ta tare, ta nuna mata wata takarda tana dariya: alkawarin cewa ba za ta dafa kifi ko nama ko ƙwai a benen ba, da sa hannunta, da hatimin kwamiti.

Lahadin da ta biyo baya Vatsala ta canza sari, ta zauna, ta buɗe tukunya. Kabewa ce da wake.

"Tai, ina kifin?" Tai suke ce wa babbar ya.

"Wane kifi? Ai ban san ki ba sai sama-sama. Baƙuwa mai tsarki irinki, in ba ki ƙarni?"

Vatsala ta ajiye murfin a hankali. "Haba Tai. Me kike so in ce musu? In ce ga 'yar masunta nan ta ɓuya a hawa na tara?"

"Takardar nan nake so, mai hatimi."

"Ki kai ta ofis sunana ya fito? Matar Vora ta daina gaishe ni? Ke dai tun muna yara haka kike. In aka saya mini awarwaro sai naki hannun ya fara ƙaiƙayi."

"Naki ne kullum ake saye sabo, shi ya sa. Ci kabewarki, za ta huce."

Lahadi ta biyu Shalan ta soya manyan jatan lande da tafarnuwa da barkono, ta zuba wa kanta ita kaɗai, ta zauna daf da ƙanwarta tana tsotse kawunansu ɗaya bayan ɗaya. Vatsala ta ce zalunci ne, ta ce ko uwarsu ba ta yi mata haka ba, ta tafi da fushi, ko kanumfarin ba ta buƙata ba. Kifi bai ƙare a Mumbai ba, amma duk mai sayar da shi a unguwar ya san matar hawa na tara, rabin masu gadin benen kuma 'yan rahoton matar Vora ne. Lahadi ta uku Vatsala ba ta zo ba. Shalan ta leƙa ta taga ta ga barandar ba kowa.

Ta huɗu sai ga Vatsala, ta rame kaɗan. Ba ta canza sari ba. Ta jefa ambulan a kan tabarma.

"Ga ta nan, ki jiƙa ki sha. Zuba mini, kuma da kan kifin."

Sau goma sha ɗaya Shalan ta hau jirgi a kan wannan ƙara. A zama na farko Vora ya ce takardunta ne ba su cika ba. Madam Kamble ta miƙa masa alkawarin ta ce, "Wannan hatimin na wane ne, Saheb?" Ya ce tsohuwar al'ada ce ta zaman lafiya, ba dole ake yi wa kowa ba. Aka kira Vatsala ta tsaya minti biyar, ta share hawaye da gefen sarinta mai kyau, ta ce shekara shida tana ɓoye sunan ubanta. Bayan wata takwas aka umarci kwamiti ya karɓi Shalan.

Ta tare kafin damina. Gidan ba ya yoyo, amma tagarsa tankin ruwa take kallo da inda ake tara shara. Wannan bai dame ta ba kamar abin da ya biyo baya. Wata jaridar unguwa ta buga hoton Vatsala a baranda, teku a bayanta, aka kira ta matar da ta tona asirin alkawarin. Sunan Shalan ya fito sau ɗaya, a ƙasa, an ce "wata 'yar'uwarta". Ashe a hawa na huɗu da na bakwai akwai masu cin ƙwai a ɓoye, suka riƙa hawa wurin Vatsala da kwanonin alewa suna yi mata sannu da jarumta. Matar Vora ta daina gaishe su duka biyu, amma ko a nan sai ta fara ɗauke wa Vatsala kai kafin Shalan.

Wata safiya aka ƙwanƙwasa ƙofar Shalan. Wasu matasa ne, miji da mata, da fayil a hannu. Matar ta ce sunanta Tabassum, wani bene a ƙasan titi ya ƙi su bayan an ji sunan mijinta na Musulmi ne.

"Yi haƙuri, Inna, hawa na nawa ne gidan Madam Vatsala? An ce ita ta san yadda ake kai ƙara."

Shalan ta dube su. Ta san sarai Vatsala tana nan, yanzun nan ta ji muryarta tana yi wa mai gadi faɗa.

"Ba ta nan," ta ce. "Ta yi tafiya, ba a san ranar dawowarta ba. Ku shigo ku zauna. Sun ba ku wani abu a rubuce?"

"A'a, Inna."

"Na sani. Kai, miƙo mini alƙalamin can. Ku fara daga ranar farko, wa ya ce me, kuma ƙarfe nawa. Sunana Shalan Bhoir. Ki rubuta shi a bayan fayil ɗinki, da manyan baƙaƙe."