Ɗigon Man Birki

"A sauke albasag ga."

Tukur na bisa lodi yana jan igiya, ya waiwayo. Luka ne tsaye a tsakiyar tashar Talata Mafara, ya dogara da sanda, ya yafa zanen matarsa da tsakar rana. Ciwon ciki ya cinye shi, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Bawana, wa ya kwance ka?" in ji Tukur. "Koma gida ka kwanta."

Luka Badakkare ne daga Zuru, Tukur kuwa Bazamfare, saboda haka tsakaninsu ba a gaisawa sai da tsiya, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Tuƙin tifa ya kawo Luka aikin dam na Bakolori, ya kama hayar gida jikin gidan Tukur. Da kamfani ya yi gwanjon tsofaffin motocinsa, suka haɗa hannu suka sayi a-kori-kura ɗaya. Luka ke tuƙi da gyara, Tukur ke nemo kaya, har ciwo ya kwantar da Luka, sitiyari ya koma hannun Tukur.

Ran nan Luka bai rama tsiyar ba. Ya ja ƙafa zuwa rumfar Ɗantala, sarkin tasha, ya durƙusa da ƙyar.

"Ranka shi daɗe, ƙarar mota na kawo."

"Motar wa?"

"Tamu. Ni da Tukur."

Direbobi suka kwashe da dariya. Wani ya ce tunda aka kafa tashar bai taɓa ganin mai mota ya kai motarsa ƙara ba.

"Birkinta na zubar da mai," in ji Luka. "Na hwaɗi mishi da sahe, yac ce ciwo ke sa ni surutu. Ga mata nan za su hau bisa buhuna har Gusau."

Tukur ya diro, fuskarsa kamar an watsa mata barkono. "Sarki, sau biyu nike dannawa ta kama! In mai ya yi ƙasa in ƙara. Mutumen da ko tsayuwa bai iyawa shi za shi koya mini mota?"

Ɗantala ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya tofar da goro.

"Mota taku ce ku biyu. Guda ya ce lahiya, guda ya ce babu. A sauke. Ba ta sake lodi tashag ga sai masu ita sun zo gabana da baki ɗaya."

Aka sauke albasa a idon jama'a, ranar kasuwa. Matan suka kwashi ƙullinsu suka koma wata mota. Tukur ya tuƙo tasu fayau, ya kafe ta gindin darbejiyar ƙofar gida, a hanya kuwa ya wuce Luka yana tafe bai ko ɗauke shi ba.

Daga ranar ya ɗauke wuta. Ba gaisuwa, ba tsiya. In ya fito masallaci sai ya bi ta bayan gida don kada ya wuce ƙofar. Taiba matarsa dai ba ta fasa miƙa kwaryar kunu ta kan katanga ba, Tabita matar Luka tana karɓa.

"Malam," in ji Taiba, "mutumen ga hwa tahiya shika yi. Jiya ko kunun bai sha ba."

"Da ƙarhinai ya je tasha ya tozarta ni. Shi sha da wannan ƙarhin."

Abin da ke cin Tukur shi ne shara. Kullum da yamma Tabita za ta fito da tsintsiya, ta duƙa ta share ƙarƙashin motar tas, ta lailaye ƙasar. Al'adar Luka ce tun yana kan ƙafarsa: ya share da yamma, da safe ya tsuguna ya duba abin da mota ta ɗiga. Yanzu yana kwance, matarsa ke sharewa, ita ke dubawa ta kai masa labari.

Wata safiya Tukur ya riga ta fitowa. Ya dubi hagu da dama, ba kowa, ya tsuguna. Ga shi nan kusa da tayar baya, ƙasa ta yi baƙi faɗin tafin hannu, tururuwa na kewaye wurin. Ya tuɓe babbar riga ya shige ƙarƙashi da baya. Ya bi siririn bututun birki da yatsa har inda yake gugar ƙarfen sifirin. Wurin ya cinye ya yi ƙyalli. Ya ɗan danna da farcen babban yatsa, sai bututun ya tsage, mai ya tsarto masa a gemu.

Ya daɗe kwance a nan bai motsa ba. Gangaren gadar hanyar Gusau ya tuno, da matan nan bisa buhuna, ɗaya da goyo.

Da man a gemunsa ya yi sallama gidan Luka. Tabita ta ɗaga masa labule. Luka na kan katifa, an jingina shi da bango, idanu sun faɗa. Ya ƙura wa gemun ido.

"Bazamfare, wane biki ka ci ba ka kira ubangijinka ba?"

Tukur ya zauna a ƙasa. "Ka kunyata ni gaban mutane."

"Na kunyata ka. Ga ka nan zaune kana jin haushi, da ƙahwahunka biyu."

"Bututun ya hwashe. Da akaihwa na taɓa shi."

Luka ya lumshe ido, ya huta, sannan ya ce, "Ba tamu kaɗai ba. Su ukku anka yi gwanjo, ƙirarsu ɗaya, haka anka ɗaura bututun. Guda na wurin Falalu a Bakura, guda wurin Barau a Dosara. Na so in tahi da kaina."

"Barau? Wanda ke ƙwace mini lodi?"

"Mutane shika ɗauka, Tukur."

Tukur ya yanko fasasshen bututun, ya ari babur, ya kama hanya. A Bakura Falalu ya leƙa ƙarƙashin tasa, ya fito yana salati. A Dosara kuwa sai da aka yi hayaniya. Barau ya ce hassada ce, an hana Tukur lodi shi ma yana son a hana shi. Tukur ya cafki hannunsa ya ja shi ƙasa, ya ɗora masa yatsa a kan wurin. Barau ya fito, ya ce wa fasinjojinsa su sauka.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shigo unguwa. Tun daga bakin lungu ya ji waƙar coci a hankali, ta mata, daga gidan Luka. Ya kashe babur ya tura shi da hannu. Taiba na zaune cikin matan, ta rufe fuska da gyale.

Tabita ta fito ta same shi a zaure.

"Ya tambaye ka da azahar," ta ce. "Na ce ba ka dawo ba. Yac ce a bar ka, bawanshi ba shi da sauri amma shina kai saƙo."

Tukur ya juya bututun a hannunsa. "Duk motocin biyu bututun ya cinye," ya ce. "An sauke mutane." Ya faɗa da ƙarfi, yana fuskantar labulen ɗakin.

Kafin magariba ya sa sabon bututu, ya karkatar da shi nesa da sifirin, ya naɗe wurin da robar taya. Washegari motar ta ɗauki akwatin gawa zuwa maƙabartar Kiristoci a bayan gari. Direbobin tasha suka biyo a ƙafa, har da masu dariyar ran nan. Tukur na tafe da ita a giya ɗaya, yana taɓa birki ko ba dalili.

A wurin gaisuwa Ɗantala ya ce wa Tabita, "Rabon mai gidanki naki ne yanzu. In kin ce an gyara, ta koma lodi."

"Sai na duba da sahe," in ji ta.

Da yamma ta fito da tsintsiya. Tukur ya miƙa hannu, ta ba shi. Dattijo da furfura ya duƙa yana shara a bakin hanya, masu wucewa na kallo, bai ɗago ba.

Da gari ya waye suka tsuguna su biyu, ita ta wannan gefe, shi ta wancan. Ƙasar na nan sumul yadda ya bar ta, da zanen tsintsiya a kai, sai sawun kaza ɗaya da ta ratsa ta wuce.