Hannun da Ba Ya Jin Wuta

Mero ta sunkuya za ta ajiye akushin tuwo a kan dutsen da aka saba ajiyewa, sai zanenta ya zame daga kafaɗa. Nan mahaifiyarta Hansai ta ga tabon. Fari-fari ne, bai kai tafin hannu ba, a kan allon kafaɗar hagu. Ta san irinsa sarai, don irinsa ne ya raba ta da ɗakinta.

"Ke, juyo in gani."

"Iya ma ta gani jiya," in ji yarinyar, tana gyara zane. "Ta ce wa Baba ya saro kara a ƙara wa bukkarki faɗi."

Shekara huɗu ke nan Hansai tana zaune a bukka bayan dangar gidan mijinta Mudi, bakin gonar auduga. A da, kaf ƙauyen babu matar da ake yabo kamarta, don ita ce mai sauke tukunya daga murhu ba tsumma. Ranar suna mata kan taru su kalla, a yi ta rangaɗa guɗa, ana cewa ta gaji maganin wuta wajen kakarta. Surukarta Hajjo, wadda yara ke kira Iya, ta fi kowa baza labarin. Hansai kuwa, ɗan Adam da son yabo, har ƙari take yi, ta ɗauko garwashi da yatsu ta miƙa wa maƙwabciya. Ba a samu ko mutum ɗaya da ya ce anya lafiya ba. Sai da yatsun suka fara gyambo suna guntulewa, sannan masu guɗar suka ja da baya suka kira ciwon da sunansa, kuturta. Aka ware mata akushi, aka ware mata dutse. Tun daga ranar hannunta bai sake taɓa 'yarta ba.

Yanzu ga shi za a kawo mata Mero har gida. Wani lungu na zuciyarta har ya fara murna, ta yi maza ta tsawata masa. Yarinyar da ta shiga wannan bukka ta yi sallama da rijiya da dandali, ta yi sallama da aure tun tana shekara goma.

Da la'asar ta tsaya jikin danga ta kira mijinta. "Malam, gobe ranar karɓar maganina ce. Ka bar ni in je da ita a duba, kafin ka sari karan nan."

Mudi ya daɗe yana kallon ƙasa. Ba mugu ba ne, sai dai bai taɓa iya ɗaga ido gaban uwarsa ba. "Ku fita da sassafe," ya ce. "Amma ki bar ta ta yi gaba."

* * *

Haka suka tafi Malumfashi, yarinya a gaba, uwa a baya da tazarar taku goma. In lorin auduga mai zuwa Funtuwa ya taho, kowacce ta ratse gefenta daban.

A ɗakin shan magani na mishan, Malam Istifanus ne ke duba masu irin ciwonta. Kirista ne, mutumin ƙauyukan nan, mai yawan barkwanci, kuma shi kaɗai ne a duniya yake kama hannun Hansai ya jujjuya shi kamar hannun kowa. Yau da ya ga fuskarta bai yi wasa ba. Ya duba tabon, ya tattaɓa gwiwar hannun Mero da bayan kunnenta.

"Hansai, kin taɓa ganin wayar tangaraho da ke bin titin jirgi a Funtuwa?"

"Na gani sau ɗaya, Malam."

"To irinta ce a jikinmu, sirara kamar zare. Daga ƙwaƙwalwa take sauka ta cikin ƙashin baya, ta rarrabu har kan yatsa. Wuta na taɓa ki, sai yatsa ya aika sama, maza janye ni. Ƙwaƙwalwa ta aiko da amsa, hannu ya janye, duk kafin ki ƙifta ido. Ciwonki waɗannan jijiyoyin ya ci. Wuta tana ƙona ki kamar kowa, labarin ne ba ya isa."

Ya buɗe gwangwani ya tsakuro auduga, ya murza ta ta yi tsini. Hansai ta dube shi da mamaki. Ta zaci allura za a kawo, ko wani ƙarfen Turawa, sai ga abin da ta yi rayuwarta tana tsinka a gona.

"In fatar tabon tana ji, ba shi ba ne. Mero, rufe ido. Duk inda kika ji na taɓa, ki nuna da yatsa."

Ya taɓa goshi, ta nuna. Ya taɓa hannu, ta nuna. Sannan ya zagaya baya ya ɗora audugar a tsakiyar tabon. Bakin Hansai na motsi da duk addu'ar da ta sani.

Mero ta noƙe kafaɗa ta ƙyalƙyale da dariya. "Malam, cakulkuli kake min!"

Sau biyar ya maimaita, sau biyar ta kai yatsa daidai wurin. "Ƙyasbi ne kawai, ba kuturta ba," in ji shi. "Ga man shafawa."

Hansai ta zube a ƙasa tana kuka, tana gode wa Allah, tana gode wa Malam Istifanus da iyayen da suka haife shi.

"Tashi, ban gama ba. Shekara huɗu ba ki fasa shan ƙwayar magani ba. Na sha gaya miki ba wanda zai ɗauka a jikinki yanzu. Taɓa 'yarki."

Ta miƙa hannu, ta ɗora a kan kitson Mero. Idonta ya ga hannun ya sauka, amma ba ta ji komai ba, ko ɗumin kan yarinyar. Sai ta jawo ta, ta manna kumatunta da nata, don nan wurin har yanzu yana ji.

* * *

Da suka dawo, Hansai ta faɗa wa Mudi. Hajjo ta saurari labarin daga bakinsa, ta taɓe baki. "Auduga! Ɗan mishan zai yi min wasa da auduga? Ni na san yadda ake gane abin nan."

Hansai tana bayan danga, tana leƙe ta tsakanin kara. Tukunyar miya na tafasa a murhu.

Hajjo ta ƙwala kira. "Mero, zo ki sauke min wannan. Ajiye tsumman."

Yarinyar ta dubi babanta, shi kuwa ya dubi ƙasa. Ta kai hannu. Yatsunta na taɓa bakin tukunyar ta fasa ƙara, ta yi tsalle baya tana yarfe hannu tana kiran Inna.

Kowace uwa takan ji kukan ɗanta kamar an yanke ta, Hansai ma ta ji. Amma tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Ta jingina goshi da danga, hawaye na zuba. "Alhamdu lillahi," ta ce. "Allah na gode maka."

"To, a bar karan," in ji Hajjo. "Amma a wanke mata kai da toka, na ji an ce uwar ta taɓa ta."

Da rana ta yi sanyi Mero ta fito da akushi, kanta a jiƙe, yatsu biyu ɗaure da tsumma. Ta ajiye shi a kan dutsen, ta ja da baya taku goma kamar yadda aka koya mata.

"Yana zafi?" in ji Hansai.

"Sosai, Inna."

"Madalla," ta ce, ta jira sai da yarinyar ta shige gida, sannan ta je ta ɗauki tuwonta.