Washar da Ummaru Ya Cusa

Duk Sabon Garin Gusau ba bakaniken da ya kai Ummaru baki. Shi ne mai cewa da kunne kawai yake gane ciwon inji. Amma ran da Malama Muzdalifa ta shigo garejinsa da tsohuwar motar mijinta, bakin nan ya mutu murus.

Wata biyar ke nan da aka kashe mijin nata, Malam Yazid, a hanyar Tsafe. Filtar baƙin mai ce ta fashe masa a dokar daji, ya sauka ya buɗe bonet, 'yan bindiga suka fito. An jawo motar zuwa gidansa a Damba, aka sa sabuwar filta, aka lulluɓe ta har matar ta fita takaba. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare.

Ummaru kaɗai ya san sauran zancen. Ana jibi tafiyar, Malam Yazid ya kawo motar yana kukan allurar baƙin mai tana faɗuwa. Gyaran gaskiya sai an sauke inji, shi kuwa Ummaru yana sauri ya tafi suna Kekun Waje, can Bunguɗu. Sai ya yi dabarar da ragwayen bakanikai ke yi, ya cusa washa, ɗan zoben ƙarfe, a bayan sufirin ɗin bawul mai rage ƙarfin mai, ya ɗura mai kauri. Allura ta miƙe, ya ce wa bawan Allah ya tafi abinsa. Son zuciya dai ɓacin zuciya. Ya san ƙarfin da washar ta ƙara wa mai shi ya fasa filtar, tun daga ranar kuma yake cikin tsoron kada wani ya kwance wurin ya gani.

Ran da ta zo ɗin, Malama ta gaishe shi, ta ce allurar tana hawa har ƙarshe da zarar an tayar. Ta ƙi kujerar da ya ba ta, ta tsaya a inuwar dalbejiya ta zuba masa ido.

Ya fara da abin da ya san ba shi ba ne, don ya sami lokaci. Ya tsiyaye mai ya zuba marar kauri. Ya canza filta. Ya canza 'yar na'urar da ke kai wa allura saƙo. Allura dai tana can sama. Da ya ga ta juya tana amsa waya, ya shige ƙarƙashi, ya kwance bawul, ya zare washar ya jefa aljihu. Ya ɗaura gejinsa na hannu mai auna ƙarfin mai a jikin injin, ya tayar. Geji ya nuna mai ya sauko, har ƙasa da kima. Ya yi hamdala a ransa, ya kashe mota, ya zare makulli.

Sai ya leƙa ciki. Rana tsaka, inji a kashe, makulli a tafin hannunsa, allura ta fara hawa a hankali. Ya cire kan batir. Ba ta fasa ba, sai da ta kai ja, alamar haɗari, ta tsaya cak. Kuma ya rantse kujerar direba da ɗumi take, irin na wanda ya tashi yanzun nan.

Wallahi a nan dauriyarsa ta ƙare. Ya fito ya durƙusa gabanta, ya ciro washar mai baƙin mai ya ɗora a tafinsa, ya faɗi komai, har da sunan da ya tafi. Ya jira ihu, ko ta ce sai gaban alƙali.

Ko kallon washar ba ta yi ba.

"Ya kira ni da ya wuce Kwatarkwashi," in ji ta. "Ya ce allura ta kai ja. Na roƙe shi ya tsaya cikin mutane ya nemi bakanike. Ka san mi ya ce mini?"

Ummaru ya girgiza kai.

"Ya ce, 'Haba Muzdalifa, Ummaru ne fa ya taɓa ta.'"

Ta gyara hijabinta, ta tare ɗan acaɓa. Bai iya miƙa mata makullin ba, ita ma ba ta tambaya ba. Motar tana nan ƙarƙashin dalbejiya har yau, kuma kullum da safe shi ke fara buɗe garejin.