Labbo Ya Ƙi Zama

"Baba, don Allah mi kaka so mutane su ce da ni?"

Alhaji Abdulmuhaimin bai jira amsa ba. Ya sa takalmi ya shafe gurabun darar da mahaifinsa ya sha wahalar haƙawa da hannu ɗaya a ƙofar gida, ya harba tsakuwoyin cikin kwata. Abokan aikinsa suna cikin mota suna kallo. Ni kuma ina gefe gaban kaskon ƙosaina, wallahi ji na yi kamar in watsa masa man nan a ƙafa.

Mahaifin nasa, Malam Maigandi, yana zaune a gefe. Dama magana ba ta fita masa daidai tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya bi tsakuwoyin da ido kawai.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Birnin Kebbi ta cika da ma'aikatan da suka dawo daga Sakkwato, kowa yana hura hanci. Abdulmuhaimin ya samu babbar kujera, ya kama gidan da ke jikin nawa a Gwadangaji, ya je Argungu ya ɗauko tsohonsa wai asibiti ya fi kusa. Abinci kam ana ba shi, ba zan yi ƙarya ba. Riga ma kullum wankakkiya. Amma mutum ai ba akuya ba ne da za a ɗaure a zuba masa dusa.

Kashegari aka kawo magina suka yi daɓen siminti tun daga bakin zaure har titi. Da tsohon ya fito, sai ya tsaya yana ƙwanƙwasa simintin da sandarsa.

Na ce, "Malam, taho nan. Ƙasag ga ta gehen murhuna gadon ubana ta. In ga mai shahe ta!"

Nan ya koma da zama. Kullum da la'asar zai ja jiki ya zo, ya tona gurabunsa da hagu, ya zuba tsakuwa da kara yana karawa shi da kansa. Samarin unguwa lido suka sani. Dattawan da suka ɗan zauna da shi kuwa, ko dai ba su iya ba, ko su bar masa ci don tausayi, shi kuma ba abin da ya tsana irin wannan. Da ya gane sai ya watsar da wasan ya juya musu ƙeya.

In ransa ya yi daɗi, ni yake ba labari, kalma ɗaya-ɗaya, ina juya ƙosai ina tsinta.

"Kulu, dara ta Argungu ta. Muna yara, ni da Labbo, aka tura mu koron tsuntsaye hwadama. In ruwa ya janye, rairayin bakin gulbi sanyi da taushi, yatsa guda kaka sawa gurbi shi hito. Ni tsakuwa, shi karan shinkahwa. Sai mu mance duniya. Jan-baki su cinye gona, a yi muna dukan tsiya, gobe mu koma."

Sai ya yi dariyarsa ta gefen baki ɗaya har ya ƙware.

"Ba wanda yat taɓa hana ni kwana a dara sai Labbo. In zamna da shi sau guda, Kulu. Ko shi ci ni, ko in ci shi. Daga nan Allah shi ɗau abinai."

Abin da yake so ke nan a duniya, ba ƙari. Na yi ta aika saƙo ta bakin masu kawo kifi daga Argungu, shiru, har na fara jin kunyar tsohon. Rannan kwatsam wani direba ya tsaya sayen ƙosai ya ce Malam Labbo ya ce yana nan tafe ranar Asabar.

Zo ka ga Maigandi! Ya sa na roƙo masa karan shinkafa wajen wata 'yar Ambursa da ke kawo mini wake. Ya zauna ya kakkarya su daidai wa daida da haƙori da hannun hagu. Ranar Asabar tun da hantsi ya fito da rigarsa ta Juma'a, ya ce in yayyafa wa wurin ruwa don ƙasar ta yi taushi irin ta bakin gulbi. Gurabun da ya tona ranar ban taɓa ganin masu kyansu ba.

Bayan azahar Labbo ya sauka daga mota, dogo, farin gemu, carbi a hannu. Aka sauke masa buhun albasa da ƙunshin busasshen kifi. Ya ɗaga wa Maigandi hannu daga nesa, ya shige gidan Alhaji da kayan. Nan na fara zargin ba don dara ya zo ba.

Sai bayan la'asar suka fito tare. A bakin zaure na ji Labbo yana cewa, "Batun ɗana Ja'afaru dai, Alhaji. Ko masinja na, a taimaka."

"Za mu duba, Baba Labbo."

Suka iso inda muke. Maigandi ya kasa tashi, sai murna kawai. Ya miƙa karan shinkafar.

"Labbo. Zamna. Kai za ka hwara zubawa."

Na ga idon Labbo ya sauka kan gurabun nan, na ga yatsunsa sun bar jan carbi. Na rantse yana so. Sai ya saci kallon Alhaji.

Alhaji ya ce, "Ka gani ko? Abin da nika hwama da shi ke nan. Manyan mutane na zowa gidan ga, su iske ubana cikin ƙasa. Yi mai magana, taka shika ji."

Labbo ya gyara murya yadda masu jiran ƙosai za su ji.

"Haba Maigandi! Da girmanka? Ni na bar wagga shiririta tun tuni. Allah ya amshe maka hannu guda, ba ka wa'aztu ba, jira kakai shi amshe gudan? Ka bar kunyata yaron ga."

Wani cikin masu saye ya ce, "Gaskiya ta, Malam." Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya.

Hannun Maigandi yana nan a miƙe. Yawu ya zubo masa ta gefen baki, ba hannun gogewa.

"Sau guda, Labbo."

Labbo ya karɓi karan. Na ɗauka zama zai yi. Sai ya juya ya watsa su cikin murhuna, ya ɗora carbinsa a tafin hannun Maigandi da ya bari wayam. Busasshen kara ne, nan take ya kama.

Na ce, "Allah wadaran tsuhwa irin naka, Malam Labbo! Don buhun albasarka kar shi tahi banza?"

Alhaji ya ce, "Inna Kulu, ba ruwanki da zancen gidanmu." Ya raka baƙonsa har mota.

Maigandi bai sake fitowa ba. Ƙosan da nake aika masa da kunu haka ake dawo mini da su. Da na shiga duba shi na iske shi kwance, fuska ga bango, ya rame kamar ba shi ba. Na ce ya tashi ya koya mini darar, ni zan zauna da shi, in an ga dama a ce tsohuwa ta haukace.

Bai juyo ba. Ya ce, "Bari, Kulu."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Bai kai damina ba. Wata safiya ina tankaɗe na ji kuka ya tashi ta bayan katanga, na ajiye rariya na yi salati. Na yi kuka, kuma ba na mutuwar ba ne kawai, na haushi ne.

Jana'iza ta yi jama'a, motoci har bakin masallaci. Aka shimfiɗa tabarmi a kan simintin ana karɓar gaisuwa, ana yaba wa Alhaji yadda ya riƙe mahaifinsa. Labbo yana kusa da shi yana sharar hawaye, duk wanda ya zo sai ya gaya masa, "Tare munka tashi."

Bayan an yi arba'in na je Argungu sunan jikar ƙanwata. Ina fitowa daga tasha na ji ihun dattawa a gindin wata darbejiya. Sun yi da'ira, ana dara. Ga Labbo a tsakiya dirshan cikin ƙasa, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, hula ta koma ƙeya. Ya hau doki, wato duk matsin da ya yi sai ya jera uku ya ci, yana yi yana tsokanar abokin karawarsa.

Na tsaya a kansa har inuwata ta rufe gurabun. Ya ɗago. Dariyar ta tsaya.

Na ce, "Malam Labbo, ashe hannu bai mance ba."

Ya jawo hularsa gaba. Na sake jefa masa tambaya.

"Ja'afaru ya samu aikin?"

"An ce a jira," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Abokin karawarsa bai san ni ba, bai kuma damu ba. Ya daki gwiwar Labbo. "Labbo, kai aka jira!"

Labbo ya sunkuyar da kai. Sannan ya matsar da karansa gurbi ɗaya, ya ɗauke tsakuwar mutumin, ya ajiye ta a hankali gefen ƙafarsa.