Tagar Gaba ta Jirgin Sindre

A rumfar Torleif kafintan jiragen ruwa aka yi cinikin, kofi na tururi a kan bencin aiki, saura kwana tara manyan kifaye su sauko daga arewa.

"Tagogi uku na ɗakin tuƙi, Kawu," in ji Sindre, ɗan ƙanwarsa. "Ka cire, ka mayar, ruwa ya daina ɗigo min a gwiwa. Ni kuma na bar maka katakan shanya kifina na kan tudu, bana duka."

Torleif ya daɗe yana kwaɗayin katakan nan. Iska na dukansu ta kowace fuska, kifi na bushewa a kansu ba wari. Ya miƙa hannu. Sai Sindre ya ajiye wasu kwalaye uku a kan benci.

"Amma da wannan za ka liƙa. Baƙin gam. Shi surukina ya sa wa nasa, shekara huɗu ko ɗigo."

Tsohon ya juya kwali ɗaya, ya ture shi da yatsa.

"Jirgin surukinka na roba ne, kwano ne kawai aka sa wa inji. Naka katako ne, na ubanka. Katako yana numfashi, yana murɗawa in ruwa ya murɗa shi. Gilashi ba ya murɗawa. Danƙo mai laushi ake sa musu a tsakani, wanda ba ya bushewa, kowa ya yi motsinsa. Wannan naka in ya kama ya kama, kamar auren dole tsakanin masu faɗa."

"Danƙon da ke tsattsafowa yana ɓata min riga? Wanda Baba ke tonewa duk shekara yana zagi? Kawu, duniya ta wuce ku."

"Ta wuce mu, amma tekun tana nan."

"Ko baƙin gam, ko in kai aikin ƙetaren mashigin teku."

Torleif ya dubi tudu ta ƙofar rumfa. Ya kama hannun ɗan ƙanwarsa, aka tafa. A garin nan in ka tafa, magana ta ƙare.

Kwana biyu ya yi a kan tagogin gefe. Ya kankare tsohon danƙo, ya busar da katako, ya matsa baƙin gam, ya ɗora gilashi, ya ɗaure firam ɗin da ke zagaye shi. Aiki ya yi kyau, baƙin layi sumul kamar an ja da alƙalami. Kyan ne ma ya dame shi. Da ya zo kan tagar gaba, wadda igiyar ruwa ke duka kai tsaye, wadda fuskar matuƙi ke bayanta, hannunsa ya ƙi. Ya tsaya riƙe da gilashin, yana ganin Sindre a tsaye a bayansa, yana ganin ƙanwarsa da ta mutu ta bar masa yaron.

Ya leƙa waje, ba kowa sai tsuntsayen ruwa. Ya ɗauko tsohon danƙonsa mai ruwan toka, ya shimfiɗa shi da kauri, ya ɗaure ƙusoshin firam a hankali don kada ya matse shi duka ya fita. Sannan ya ja siririn layin baƙin gam a sama ya rufe, don ido kawai.

Sindre ya zo, ya buga kowace taga da ƙashin yatsa.

"Ka gani? Ashe tsohon hannu ma yana koyon sabon abu."

 Torleif ya karɓi katakan shanya, ya rataye kifinsa, amma abinci ya daina yi masa daɗi. Duk safiyar da jirage suka fita sai ya tsaya yana kallon gajimare. Tagogin gefe na cinsa, ƙaryar tagar gaba ma na cinsa.

A mako na biyar iska ta juya da tsakar rana. Jirage suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, na Sindre shiru. Matarsa Oddny na tsaye a matsayar jirage, ta soke hannuwa a aljihu, ba ta kalli kowa ba. Sai da la'asar jirgin ya shigo a karkace. Tagar hagu babu ita, an toshe ramin da katifar kujera. Ta dama ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta gaba ko ƙwarzane babu.

Sindre ya sauko jiƙe sharkaf, gefen fuskarsa da jini, masunta suka kewaye shi.

"Da ta gaba ta fashe, da yanzu kifi ke cina," ya ce. "Ruwa ya doke ta sau ba adadi, baƙin gam ya riƙe. Na gefe kuwa," ya juyo ya dubi kawunsa, "hannun wani ne ya fara rawa. Tsufa ba laifi ba ne, Kawu, amma da ka faɗa."

Wasu suka yi ƙasa da kai. Wani mai jirgin katako ya tambayi sunan gam ɗin, ya ce shi ma zai sa kafin mako ya fita. Na biyu ya ce a sayo da shi.

Zagin Torleif zai iya haɗiyewa. Maganar mutanen nan biyu ce ta tsaya masa a wuya. Ya zaro wuƙarsa, ya hau jirgin da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya soka bakin wuƙar a gefen tagar gaba, ya yanke baƙin layin, ya zaƙulo danƙo mai ruwan toka, yana nan da laushinsa. Ya miƙa wa Sindre a kan tsinin wuƙa.

"Ga abin da ya riƙe ka. Na gefe su ne na yi yadda ka ce."

Sindre ya murza danƙon tsakanin yatsu. Fuskarsa ta yi jawur.

"Mun tafa, Kawu."

"Mun tafa."

"Ka tafa da ni, ka juya ka yi abin da kake so a jirgina, ka bar ni ina buɗe baki a gaban mutane kamar sakarai."

"Haka ne."

"To ka sauke kifinka daga katakaina."

Washegari Torleif ya sauke kifin, rabinsa bai bushe ba, wanda ya yi wari ya zubar. Sindre ya kai gyaran tagogin ƙetaren mashigi, kuma an ce danƙo mai laushi ya nema da bakinsa. Har bazara bai taka rumfar kawunsa ba. Oddny ce kawai ke aiko da burodi, ba saƙo.

To, riba dai Oddny ta ci, mijinta ya dawo da ƙafafunsa. Masu jiragen katakon nan biyu ma sun ci, ba su ko yi godiya ba. Sindre ya tsira da rai ya rasa kawu. Torleif ya rasa katakan shanya, da kifin shekara, kuma har yau in ya miƙa hannu a tafa, sai mutum ya ɗan dubi fuskarsa tukuna.