Shirun Shagon Aski

Bayan masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, Umma ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Dogo, ba kai ne ka yi ta riƙe masa sandar nan bisa kai ba? Kunna min in ji muryarsa."

Na ce to. Na fito na tsaya a bakin ƙofa.

Baba mai aski ne, kuma bakinsa ba ya hutawa. Akwai waɗanda gashinsu bai taru ba ma sukan zo su zauna a bencinsa don hira. Amma ƙaramar waya gare shi mai madannai, bai taɓa aika wa kowa saƙon murya ba. Idan akwai inda muryarsa ta rage, to a fim ɗin Yaya ne.

Yayata fim take karanta. Da aka ce kowane ɗalibi ya yi gajeren fim na kammala karatu, sai ta zaɓi shagon Baba, ta kuma kafa sharaɗi: babu magana ko ɗaya. Ta ce fim na surutu kowa ya iya. Ita hannu take so, da ƙarar almakashi, da gashi yana sauka kan farin ƙyalle. Ni na gama sakandare ina zaune, ga tsawo, sai ta miƙa min sandar makirfo. Tela, maƙwabcin shagonmu, shi ya ba da kansa a aske.

"Wato in yi aski bakina a rufe," in ji Baba. "Darakta, ai sai in yanke wa mutum kunne."

Tela ya ce, "Rufe mana. Kunnuwan namu ma su huta."

"Kai ka yi shiru. Ɗan gashin da ya rage maka muke lallaɓawa, kada ya ƙare fim bai ƙare ba."

Muka fara. Yaya ta ce in saita makirfon a kan almakashi, kusa da kunnen Tela. Baba yakan daure na ɗan lokaci, sai ya hango wani yana wucewa ta madubi, labari ya taso masa.

"A tsaya," in ji Yaya. "Baba, don Allah."

"Ai tambayarsa kawai na yi ya jikin matarsa."

"In mun gama ka tambaye shi."

Katin ajiyar hotuna na kyamarar na aro ne, ba ya ɗaukar abu da yawa. Kullum da yamma Yaya takan zauna da kwamfuta ta ware ɗaukar da ta yi kyau da wadda ta ɓaci. Duk wadda Baba ya yi magana a ciki ta ɓaci. Sai ta goge, a samu wurin na gobe. Haka ake yi, in ji ta.

A hankali Baba ya koyi shiru. Ran ƙarshe ya aske Tela tas, ya goge masa wuya, ya kakkaɓe ƙyalle, bai ce uffan ba. Yaya har rawa ta taka. Shi kuwa ya zauna a kujerar aski yana haki, muka ce zafin fitilun ɗaukar fim ne.

Ba a daɗe ba ya kwanta ciwo. Bai tashi ba.

Da na baro ƙofar Umma, na sami Yaya a ɗakinta, kwamfutar tana rufe a kan katifa. Na faɗa mata abin da Umma ta ce.

"Ka san babu," ta ce.

"Mu duba."

"Dogo, da hannuna na goge."

"Mu duba dai."

Muka buɗe kwamfutar, muka bi abubuwan da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Almakashi. Injin aski. Ruwa a kwano. Kujera tana ƙara in an juya ta. Hannun Baba ya cika fuskar kwamfutar, har tabon reza da ke babban yatsansa ana gani. A wani wuri na ga kumatunsa sun kumbura, yana danne wata magana, idonsa yana dariya. Yaya ta kau da kai.

Can ƙasan jerin akwai wani sauti da ba shi da hoto. Na tambaye ta mene ne.

"Shirun ɗaki ne. Ana ɗaukar shirun wuri a ajiye, don cike giɓi wajen haɗa fim. Babu komai a ciki."

Na sa abin kunne. Muryar Yaya ce ta fara: "Kowa ya yi shiru, kada a motsa." Sai fanka. Wata mota daga nesa. A ƙarƙashinsu akwai numfashi, mai nauyi, da ɗan fito a hanci. Na san shi. A ɗaukar nan hannuna ya gaji, sandar ta sauko kusa da fuskar Baba. Dab da ƙarshe ya ja iska da ƙarfi, na ji leɓɓansa sun rabu, sai sautin ya yanke.

Yaya ta ce, "Kada ka kai mata wannan."

Na ɗauki kwamfutar.

Umma tana zaune a bakin gado. Na ce mata ba magana ba ce. Ta ce in kawo. Na sa mata abin kunnen ta ƙarƙashin ɗankwali, ta dafe shi da hannu biyu. Yaya ta tsaya daga waje, jikin labule.

Umma tana saurare. Sai na ga ta ɗan karkato da kai, kamar yadda take yi in ya shigo gida da labari.

"Ga shi nan zai yi magana," ta ce.

Sautin ya ƙare. Ta jira.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Umma."

Ta gyara zaman abin kunnen. "Mayar min baya kaɗan."